Lambar asiri ba goron gaisuwa ba ce

Turawan da suka ƙera salula sun ɗauka kowa da tasa, kowa da lambar asirinsa. A Dakoro ba haka zama yake ba. Salula guda takan wadaci gida ko ruga. In ɗan cirani ya aiko kuɗi daga Libiya, sai tsoho ya miƙa wa yaro mai caji a kasuwa salula har da lambarta, domin bai iya karatu ba. Kunya kuma ba ta barin ƙarami ya ɓoye wa babba tasa.

Ta wannan ƙofa macuta ke shiga. Su kira, su yi sallama cikin ladabi, su ce kamfani ya aiko su. Da an faɗi lamba, guzurin iyali ya tafi.

Tun 2019 Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet, amma doka ba ta karanta wa mutum saƙo. Saboda haka wajibi ne malaman yaƙi da jahilci su sa wannan cikin darasi, gidajen rediyo kuma su yi gargaɗi da Hausa, Fulatanci da Buzanci. Wanda ya iya karatu shi ke riƙe makullin dukiyarsa.