Bakwainin Batsari da Safana: har yaushe likita zai ci gaba da lalube cikin duhu?

A kwanakin baya na je dubiya wani asibiti, inda aka kwantar da jaririyar wata 'yar uwata da ta haihu a wani ƙauyen Safana tun cikinta bai cika wata bakwai ba. Nauyin jaririyar bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Kwana tara ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, an sauya shi har sau uku. Da na tambayi likita wace ƙwayar cuta ake yaƙa, sai ya ce ba a samu yin gwajin jini ba, kintace ake yi. Ban ga laifinsa ba, amma amsar ta hana ni barci.

Mai karatu, jaririn da bai kai giram 1,500 ba, fatarsa ba ta yi ƙwari ba, garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, kuma cuta kan shiga jininsa ta hallaka shi cikin sa'o'i. Don haka ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara da ampisilin da jentamaisin. Sai dai wani bincike mai suna BARNARDS, wanda ya haɗa da Asibitin Murtala na Kano, aka kuma wallafa shi a 2021, ya gano cewa a rukunin ƙwayoyin cutar da suka fi addabar jarirai, kashi 97 cikin 100 ba sa jin ampisilin, kashi 70 kuma ba sa jin jentamaisin.

To, sai a ƙara ƙarfin magani, a tsawaita kwanaki? A nan gizo ke saƙar. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2009 kan jarirai kimanin 4,000 da ba su kai kilo ɗaya ba ya nuna cewa waɗanda aka ci gaba da ba su maganin kwana biyar ko fiye, alhali gwaji bai nuna cuta ba, sun fi fuskantar ruɓewar hanji da mutuwa. Dalili kuwa shi ne maganin ba ya bambance mugu da nagari. Yana share ƙwayoyin da hanjin jariri ke buƙata, ya bar fili ga masu taurin kai. Inda akwai ɗakin gwaji, idan kwana biyu suka wuce jini bai nuna komai ba kuma jariri na samun sauƙi, sai a dakatar. Inda babu, tsoro ne ke rubuta magani.

Ɗan Batsari da Safana kuwa, gaba kura ce baya sayaki. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga daga dajin Rugu sun kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka da dama, sun sa tafiyar dare ta zama kasada. Mace na haihuwa a ɗaki, a yanke cibiya da abin da ya samu, a gasa ta, a shafa mata man goge baki. Jariri ya ƙi nono, sai a garzaya kemis a sayo sirof. Kafin a isa Katsina ko Dutsin-Ma jikinsa ya yi sanyi, kuma maganin da ya sha na iya ɓoye ƙwayar cutar ko da an yi gwajin. Sauƙaƙƙen tsarin allura da sirof da aka gwada a Zariya, wanda Hukumar ta amince da shi a 2015 domin wuraren da asibiti ya yi nisa, bai shafi jariri mai wannan ƙanƙanta ba. Shi dole sai an kwantar da shi.

A ganina, abin da ya kamata Gwamnatin Jihar Katsina ta sa a gaba shi ne ɗakin gwajin jini mai aiki dare da rana a duk inda ake kwantar da bakwaini, kuma kyauta, domin talaka ba zai zaɓi gwaji ya bar allura ba. Sai ruwa da sabulu a kowane ɗakin jarirai, da man kulohezidin na cibiya a hannun kowace ungozoma, da motar ɗaukar marasa lafiya. Sai kuma rungumar jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, tun daga haihuwa: gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, har da Ile-Ife, ya nuna a 2021 cewa hakan ya rage mace-macen ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Wannan ba ya buƙatar janareto.

Mu ma da muka yi boko muna da namu kason. Mu ne ke matsa wa likita ya rubuta "allura mai ƙarfi", mu ne ke tura wa dangi sunan magani ta waya. Mu koyi tambayar ko an yi gwaji, da ranar da za a tsayar da maganin. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Jaririyar 'yar uwata ta rayu, alhamdu lillahi. Har yau ba wanda ya san me ya kama ta, ko wane magani ne ya yi aiki cikin ukun. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa.