Katakon Ƙarƙashin Jak: Ƙaramin Abu Mai Riƙe da Rai

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyadi-Gyadi ya doshi Unguwa Uku, ko kuwa ya ratsa ta Ƙauyen Alu ya ɓulla Hotoro inda aka gina defo ɗin mai na NNPC, ba zai rasa ganin garejin makanikai da rumfunan masu faci a gefen hanya ba. Wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Tarauni mashiga ce ta manyan motoci, tireloli da tankokin mai da tifofi. A kullum akan ɗaga irin waɗannan motoci da jak, a cire taya, yaron gareji ya kutsa ƙarƙashi da sifana a hannu. Abin da ba kasafai ake dubawa ba shi ne abin da jak ɗin kansa ya taka. Wani lokaci bulo ne, wani lokaci guntun falanki, wani lokaci kuwa ƙasa ce zalla. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, matakin da ake sa wa jak kayan aiki ne cikakke kamar jak ɗin, ya cancanci a auna shi, a ƙera shi, a kula da shi, a kuma koyar da hikimarsa a makarantu.

Ƙarfin Jak Daga Ina Yake?

Jak mai amfani da mai yana aiki ne bisa ƙa'idar da wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya bayyana. Ƙa'idar ita ce, idan aka matsa ruwa ko mai da ke kulle a cikin mazubi, matsin yakan isa kowane lungu na mazubin daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa kaya da ke bin wannan ƙa'ida, a 1851 kuma Richard Dudgeon ya fito da jak mai mai wanda ake iya ɗauka a hannu a birnin New York na Amurka.

A cikin jak akwai fistin biyu, ƙarami da babba. A ɗauka faɗin fuskar ƙaramin santimita murabba'i 1 ne, na babban kuwa 25. Idan makanike ya danna mariƙi da ƙarfin kilo 20, tsawon mariƙin kuma ya ninka ƙarfin sau 10, ƙaramin fistin zai matsa mai da kilo 200. Wannan matsi ne zai faɗa kan kowane santimita murabba'i na babban fistin, wato 200 sau 25, kilo 5,000 ke nan. Ta haka hannu ɗaya ke ɗaga tan 5. Sai dai jak bai rage wa motar ko da kilo guda ba. Duk nauyin da ya ɗaga sama, shi ne yake dannawa ƙasa ta gindinsa.

Lissafin da Ba a Yi a Gareji

Ɗalibin Fiziks ya san cewa matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ƙarfin ya taka. Shi ya sa allura ke huda fata da ɗan dannawa kaɗan, raƙumi kuwa, duk da nauyinsa, yana tafiya a kan rairayi ba ya nutsewa, domin tafin ƙafarsa mai faɗi ne, yakan kuma baje idan ya taka.

To, a gwada wannan a kan jak. Gindin jak mai santimita 15 a tsaye da 15 a kwance yana da faɗin santimita murabba'i 225. Idan aka ɗora masa kilo 5,000, kowane santimita murabba'i na ƙasa zai ɗauki kimanin kilo 22. A ma'aunin aji, niyuton 50,000 ne a kan mita murabba'i 0.0225, wato sama da faskal miliyan 2. Mutum mai nauyin kilo 60 da ke tsaye a kan ƙafafunsa biyu bai fi danna ƙasa da kilo 0.2 a kowane santimita murabba'i ba. Ashe jak ya ninka shi fiye da sau 100. Saboda haka makanikin da ya buga ƙafa a ƙasa ya ce wurin da ƙwari, bai gwada komai ba.

Injiniyoyin gini sukan ƙiyasta cewa ƙasa mai tauri, irin jar ƙasa da aka daddaɓe, tana ɗaukar kilo 2 zuwa 3 a kowane santimita murabba'i cikin aminci, laka mai laushi kuwa ba ta kai kilo 1 ba. Idan aka raba 5,000 da 2, za a sami santimita murabba'i 2,500, wato mataki mai santimita 50 a kowane gefe. Idan ƙasar jiƙaƙƙiya ce, sai an kai kimanin santimita 70 a kowane gefe. Wannan lissafi bai gagari ɗan aji huɗu na sakandare ba, amma kuma rai ya rataya a kansa.

Ƙasar Kano Ba Ɗaya Ba Ce Rani da Damina

Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya kafa harsashin kimiyyar ƙarfin ƙasa, ya nuna cewa ƙasa tana riƙe kaya ne saboda gugar da ƙwayoyinta ke yi da juna. Idan ruwa ya cika tsakaninsu ya ɗauke wani ɓangare na matsin, sai gugar ta ragu, ƙwayoyin su zame. Abin da ke faruwa ke nan a filin gareji a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Kano. Wurin da ya riƙe tifa lafiya lau a watan Janairu yana iya haɗiye gindin jak da damina. Bugu da ƙari, akwai filaye a Kano da a dā kududdufai ne, aka cike su da shara da ɓaraguzan gini. Samansu yakan yi kama da tsandauri, cikinsu kuwa fanko ne. Ita kanta kwalta ba abar dogaro ba ce da bazara, domin zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana sa ta yi laushi har ƙarfe ya lotsa ta.

Haɗarin ba ya tsaya ga nutsewa kawai. Ƙasa ba ta cika lotsawa daidai ta kowane gefe ba. Da zarar gefe ɗaya ya yi ƙasa da 'yan santimita kaɗan, jak ya karkace, ɗan ƙaramin kansa ya goce daga jikin ƙarfen mota, sai tan 5 ya dawo ƙasa cikin ƙiftawar ido. Wanda ke kwance a ƙarƙashi ba shi da lokacin ko da juyawa.

Haka abin yake ga ƙafafun tirela. Idan aka cire kan mota, gaban tirelar yakan zauna ne a kan ƙafafu biyu na ƙarfe. Tanka mai ɗauke da lita 33,000 na fetur tana ɗauke da sama da tan 24, ban da nauyin tankin kansa. Idan ƙafa ɗaya ta nutse, man da ke ciki zai gangara wannan gefen ya ƙara masa nauyi, nutsewar ta ƙaru. Kifewar tanka a tsakiyar unguwa kuwa masifa ce da ba ta tsayawa kan mai mota shi kaɗai.

A Amurka da Turai, masu jan ɗakunan tafi-da-gidanka a bayan mota zuwa wuraren shaƙatawa sun daɗe da sanin wannan. Sukan riƙe faifan roba ko na katako da suke sawa ƙarƙashin ƙafafun daidaita ɗakin duk inda suka ya da zango, su kuma duba daidaitonsa da ma'aunin ruwa irin na magina. Idan ana yi wa ɗakin kwana wannan hidima, motar da ɗan Adam zai shiga ƙarƙashinta ta fi cancanta.

Bulo Ba Mataki Ba Ne

Mafi munin ɗabi'a ita ce dogaro da bulon siminti. Bulo an yi shi ne domin ya ɗauki nauyin da ya bazu a jikin bango. Cikinsa ramuka ne, kuma ba ya lanƙwasa kafin ya karye. Idan gindin jak ya tattara nauyi a wuri guda, bulo yakan tarwatse nan take ba tare da wata sanarwa ba. Dutse kuwa fuskarsa ba a shafe take ba, jak yakan taka shi ne ta tsini biyu ko uku, ya kuma iya mirginawa. Siririn falanki ma yaudara ce, domin yana lanƙwashewa, gefunansa su ɗaga sama, nauyin ya koma tsakiya kamar ba a sa komai ba. Faɗi ba ya amfani sai an haɗa shi da kauri.

Matakin kirki ana yin sa ne da katako mai tauri, irin ƙirya ko maɗaci, a jera shi hawa biyu, kowane hawa mai kaurin kimanin santimita 8, wato inci 3, a gicciye na sama a kan na ƙasa domin jijiyar itacen ta saɓa, a ɗaure da kusoshi masu noti waɗanda kawunansu suka shige ciki. Kyan katako shi ne yakan yi ƙara kafin ya gaza, ya ba mutum damar fita. Mai walda kuma yana iya yin mataki da faifan ƙarfe mai kauri, ya ƙarfafa shi da haƙarƙari, ya yi masa ɗan gurbi a tsakiya inda gindin jak zai zauna, da mariƙi domin ɗauka. Amma kada a kai wutar walda jikin jak kansa, zafi yana lalata robar da ke tare mai. Kada kuma a kusanci tanka da walda, ko da babu mai a ciki, domin tururin fetur da ya rage ya fi man kansa saurin fashewa.

Kulawa ma wajibi ce. Katakon da ya sha baƙin mai yana santsi, wanda ya kwana a ƙasa kuma gara za ta ci cikinsa ta bar ɓawo. A riƙa goge shi, a rataye shi a inuwa, a ƙwanƙwasa shi a ji amonsa, wanda ya tsage a mayar da shi makamashi. Takalman ƙafafun tirela a duba tsatsa da tsagewar walda, a sa wa fil ɗinsu giris domin su iya juyawa su zauna daram a ƙasa. Kafin a ɗaga mota a ja birki, a sa waji gaba da bayan tayoyin da suka rage a ƙasa. Bayan an ɗaga kuma, a tokare da ƙafar ƙarfe ko jerin katako kafin kowa ya shiga, domin jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Roba guda ce a cikinsa ke tsakanin mota da ƙirjin mutum.

Hujjojin Masu Ƙi

Wani ogan gareji zai ce ya shekara 20 yana aiki da bulo, babu abin da ya same shi. Wannan ba hujja ba ce, sa'a ce. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu yana iya daɗewa bai zo ba, amma garejin da ke ɗaga mota 5 a rana yakan cika dubun kafin shekara ta zagayo. Wani kuma zai ce katako ya yi tsada. Gaskiya ne, sai dai mataki ɗaya yana shekaru ana amfani da shi, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar kuɗin jinyar karaya ɗaya ba, balle asarar magidanci. Akwai kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma Hausawan da suka faɗi haka su ne suka ce rigakafi ya fi magani, kuma babu direban da ke cire birkin motarsa da sunan jiran ƙaddara. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, sau da yawa ba ogan ne ke shiga ƙarƙashin mota ba, yaron da iyaye suka damƙa masa amana ne, sa'an ɗaliban da ke karanta wannan mujalla.

Abin da Ya Kamata a Yi

Malamin Fiziks da zai koyar da darasin matsi, ya dace ya aro jak daga garejin unguwa ya kawo aji. A cika bokiti da jiƙaƙƙen yashi, a ɗora bulo a kan ɗan guntun katako, sannan a kan faffaɗan allo, ɗalibai su auna zurfin da kowanne ya shiga. Ƙungiyoyin JETS na makarantu suna iya zagaya garejin Gyadi-Gyadi da Ƙauyen Alu da Unguwa Uku, da izinin masu su, su auna gindin jak, su lissafa wa kowane gareji girman matakin da ya dace da shi. Jihar Kano da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 ba ta rasa 'ya'yan da za su iya wannan aiki ba. Kwalejojin fasaha kuwa suna da sassan kafinta da walda da za su iya ƙera matakan a matsayin aikin jarrabawa, a sayar a kan farashi mai sauƙi.

Ƙungiyar makanikai ta NATA da shugabannin tashoshin mota suna da iko a kan 'ya'yansu fiye da na kowace hukuma. Idan suka ƙulla ƙa'ida cewa ba a yaye yaro sai ya mallaki mataki da abin tokara, ya kuma iya bayyana dalilinsu, ɗabi'ar za ta sauya cikin 'yan shekaru. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tambayar direba abin kashe gobara da alamar tsayawa. Ba zai zama nauyi ba idan ta riƙa tambayar direban babbar mota waji da katakon jak.

Hausawa kan ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ilimin kimiyya da bai fita daga allon aji ya isa gareji ba, bai gama aikinsa ba. Ɗalibin da ya koma gida yau ya ɗauki rula ya auna gindin jak ɗin yayansa, ya raba nauyi da faɗi, ya nuna masa sakamakon, ya yi wa unguwarsu aikin da ya fi cin jarrabawa.