Zanen Goyo da Kwanciyar Jariri

Jakar goyo mai maɗaurai ta shigo kasuwannin Yamai da Maraɗi, har wasu matan sun fara raina zane da majanyi. Ba mu ga dalili ba. Zane yana buɗe cinyoyin jariri a ƙugun uwa, zaman da likitocin ƙashi ke yabawa. Jaka mai ƙuntataccen mazauni kuwa sai ta bar ƙafafu suna reto. Mai saye ta duba faɗin mazaunin, kuma kada haɓar yaro ta danne ƙirjinsa, domin hakan na tauye numfashi. Uba ma ya ɗauka ba kunya: Manzon Allah (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama.

Fargabarmu ita ce bayan an sauke goyo. Wasu kakanni kan ce a kifa yaro don gudun shaƙewa da tumbuɗi. A 1992 likitocin yara na Amurka suka ce a kwantar da shi rigingine, kuma cikin shekara goma mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da kimanin rabi a can. Saboda haka rigingine har ya cika shekara, a shimfiɗa mai tauri, babu matashin kai, cikin gidan sauro.