Kallon Namun Daji A Ƙasar Wani

 Akwai wata mas'ala da ta cancanci malamai da fatake na Jega da Aliero da Maiyama su dube ta da idon basira. Ita ce: shin ya dace mutum mai kamala, in tafiya ta kai shi wata ƙasa, ya biya kuɗi ya shiga gidan namun daji domin kallo? Waɗansu sun ce wannan aikin yara ne da ɓarnar dukiya, wanda ya fita neman halali ba shi da sukunin kallon kura. Maganarsu tana da fuska, amma ba ta cika ba.

Misali mafi kusa shi ne Yamai. Mafataucin da ya tashi daga Jega ya bi ta Kamba, ya ƙetare iyaka zuwa Gaya, ya wuce Doso, ba zai rasa jin labarin gidan tarihi na ƙasar Nijar ba, wanda aka kafa cikin 1959, yanzu kuma ake kiransa da sunan Bubu Hama. A cikinsa akwai wurin ajiye dabbobi, inda ake ganin zaki da kura da dorina da kada. Wanda ya tsaya gabansu ya yi tunani zai ga babu baƙo a cikinsu. Dukansu suna da suna da Hausa, suna cikin karin magana da tatsuniyar da tsofaffi ke yi wa jikoki. Ashe abin da ya biya kuɗi ya gani a bayan ƙarfe a ƙasar wani, shi ne abin da kakanninsa suka sani a dajin ƙasarsu.

Wannan ita ce fa'idar farko ta shiga wurin. Almajiri yana karanta Suratul Fili tun yana ƙarami a kan allo, ya girma ya zama alaramma, bai taɓa ganin giwa ba. Alhali kuwa Allah ya yi umurni a yi tafiya cikin ƙasa a duba halittarsa, ya kuma bayyana cikin Suratul An'ami cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. Gani ya kori ji. Malamin da ya ga girman dorina da idonsa, fassararsa ga almajirai za ta fi ta wanda ya ji labari kawai.

Amma fa'ida ta biyu ta fi nauyi, tana kuma kan hanya tun kafin a isa Yamai. Kamar mil 40 kafin birnin akwai wani gari da ake kira Kure. A dajinsa ne sauran raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke kiwo a sake, ba shinge, ba keji. A dā irinsu ya bazu tun daga Senegal har Tafkin Cadi, har da arewacin Nijeriya. Farauta da fari da sarar itace suka cinye su, har cikin 1996 aka ƙidaya 49 kaɗai suka rage. Sa'an nan hukumar Nijar ta tsananta hana kashe su, aka kuma taimaki talakawan wurin da rijiyoyi da rance, waɗansunsu suka zama 'yan jagora ga baƙi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, raƙuman suka haura 600. Cikin 2018 har aka ɗebi 8 aka kai su dajin Gadabeji na jihar Maraɗi domin su sake yaɗuwa.

Mutanen Kure manoma ne, raƙumin dawa kuwa yakan shiga gona ya ci wake. Duk da haka suka daure, domin sun ga ransa ya fi gawarsa amfani gare su. To, in talakan Zabarma ya iya wannan, me zai hana talakan Kabi?

Lalle manomin albasa na Aliero yana da hujja in ya ce abincin iyalinsa ya fi barewa, kuma shari'a ba ta hana farauta domin ci ba, ba ta hana kashe abin da ke cutar da mutane ba. Abin da ta hana shi ne kisa don wasa da ɓarna a bayan ƙasa. Dabbobin nan ba noman halali ne kaɗai ya kore su ba. Akwai ƙunar daji da rani, da sare gawo da ƙirya don itace da gawayi, da harbin mai ciki da mai goyo, da cinikin fatu da ƙahoni da man ayu. Maharbi ba ya wahalar da kansa sai ya san akwai mai saye a kasuwa.

Saboda haka nauyin yana wuyan mutum biyu. Mafatauci ya kame hannunsa daga sayen abin da ya san irinsa na ƙarewa, ko da ribarsa ta yi yawa. Malami kuwa ya sa wannan cikin wa'azinsa, ya tuna wa jama'a matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da Annabi Nuhu da aka umurta ya ɗauki biyu biyu daga kowane iri domin kada zuriyarsu ta yanke. Sarakunan baka da sarakunan ruwa na bakin Gulbin Zamfara su ma suna jin maganar malamai in an kai musu ita da ladabi.

Wanda tafiya ta kai shi Yamai, ya shiga ya duba, ba laifi. Amma in ya komo Jega, kada tsarabarsa ta tsaya ga hoto da labarin girman zaki. Ya tambayi dattijan unguwarsu abin da suka tarar a dajinsu suna yara, ya gwada da abin da ya rage yau, sa'an nan ya kai maganar zauren malam da gaban hakimi. Allah ya sa a gane, ya kuma ba da ikon gyarawa.