RA'AYINMU: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A cikin makon jiya wani dattijo mai sayar da hatsi, mutumin ƙasar Fagam, ya zo ofishinmu tare da 'yarsa da wata jaka cike da takardu. Shekara uku ke nan da ɗaura wa yarinyar aure da wani ɗan garinsu mai aiki a Amurka. An biya sadaki, an raba goro, liman ya shafa fatiha, gari duka ya shaida. Amma har yau amarya tana ɗakin uwarta, ango bai tako ƙasar nan ba tun ranar, kuma wani dillali a birni ya cinye kuɗin shanu biyu a kan zai fito mata da biza ta bayan fage. Dattijo ya ce, "Malam, ashe auren da muka ɗaura ba aure ba ne?" Muka ce, "Baba, aure ne, babu mai musu. Amma wanda zai ba da biza bai ci goronku ba, takarda yake karantawa."

Jama'a, mun ga ya kamata mu yi wannan magana a fili, domin ba gidan wannan dattijo kaɗai abin ya shafa ba. Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu akwai samarinmu da suka fita neman ilmi da abinci, suka bar mata a gida suna jiran tsammani.

Ga yadda hanyar take in Amurka za a. Miji ne zai fara, in yana da takardar zama ɗan ƙasa ko ta zaman dindindin. Shi zai cika takardar da ake kira I-130 a can, wadda kuɗinta ya koma dala 675 a watan Afrilu 2024. In an amince, sai ya kawo shaidar cewa abin da yake samu ya isa ya riƙe iyali. Ita kuwa matar za ta cika takardar DS-260 ta intanet, ta nemi fasfo, da takardar haihuwa, da ta aure, da ta 'yan sanda mai nuna ba ta da laifi, ta je wurin likitan da suka zaɓa. Sa'an nan a kira ta ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga nan, ta yi rantsuwa, ta amsa tambayoyi da bakinta. Ku duba, a ina dillali ya shigo cikin wannan lissafi? Babu inda ya shigo sai cikin aljihunku.

Abu na farko da muke so kowane waliyyi ya riƙe shi ne wannan. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ta ce auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wurin ba, ba a lissafa shi sai in sun tare bayan ɗaurawa. To, mu kuwa da wakili da waliyyi muke ɗaura aure. Saboda haka in an shafa fatiha ango yana can, wajibi ne ya zo gida a yi tarewa, a adana hatimin da aka buga masa a fasfo, da hotunan biki. Wannan shi ne abin da ya tsare 'yar dattijon nan, kuma dillalin da ya karɓi kuɗinsa bai taɓa faɗa masa ba.

Na biyu, sunaye. Yarinya a makaranta Hauwa Musa, a asibiti Kulu Musa, a katin ɗan ƙasa Hauwa'u Musa Fagam, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Mu mun san mutum ɗaya ce. Baturen da ke bayan taga mutum uku yake gani. A daidaita su tun a gida, wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai rajistar haihuwa da kuma gaban alƙali, kafin a je Dutse neman fasfo.

Na uku, kunya. Mun san 'yar mutunci ba ta faɗin sunan mijinta, kuma ba mu ce a bar tarbiyya ba. Amma ranar ganawa za a tambaye ta sunansa cikakke, da aikinsa, da garin da yake zaune, da inda suka san juna, da ranar da suka rabu da ganin juna, da ko ya taɓa aure. In ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai a ɗauka ba ta san shi ba. Iyaye mata, ku zaunar da 'ya'yanku ku ce kun yafe musu kunyar wannan rana. Ku kuma maza, ku daina ɓoye wa matanku sana'arku da abin da kuke samu.

Na huɗu, kuma shi ne babba, gaskiya. Dillalai suna koya wa yara hadda, suna buga takardun jabu, suna cewa a ɓoye uwargida ko 'ya'yan fari. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar Amurka, wanda aka kama da ƙarya don neman biza ana iya haramta masa shiga har ƙarshen ransa. Wadda ba ta san amsa ba ta ce ba ta sani ba. Wadda ba ta ji tambaya ba ta ce a maimaita. Kuma a sani tun yanzu, Amurka ba ta ba mace ta biyu bizar aure muddin ta farko tana nan a matsayinta. Gara a ji wannan a zaure da a ji shi a Ikko bayan an sayar da gona.

Ba mu ce ƙofar a buɗe take kullum ba. A watan Fabrairu 2020 Amurka ta tsai da bizar ƙaura ga 'yan Nijeriya, aka ɗage a Janairu 2021, sa'an nan a Disamba 2025 aka sake sa ƙasar nan cikin jerin waɗanda aka taƙaita wa shiga. Ingila kuma a Afrilu 2024 ta ɗaga abin da miji zai nuna yana samu a shekara daga fam 18,600 zuwa fam 29,000, ban da jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka. Watau ƙofa ce da masu ita ke buɗewa su rufe yadda suka ga dama. Duk wanda ya ce muku yana da mabuɗinta a aljihu, ɓarawo ne. Kafin ku fitar da ko kwabo, miji ya bincika halin da ake ciki daga bakin hukuma.

Yanzu sai mu juya ga masu mulki. Laifin wa ne talaka ya haifu, ya yi aure, ya haifa, babu takarda ko ɗaya mai shaidarsa? Ɗan mai hali ana rubuta haihuwarsa tun bai yi suna ba, ɗan talaka kuwa sai ranar da buƙata ta taso a aika shi daga ofis zuwa ofis. Muna kira ga ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su ajiye littafin rajistar aure da haihuwa a wurin kowane dagaci, a rubuta a ba mutum takardarsa nan take, da kuɗi sananne wanda aka liƙa a bango kowa ya gani.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku jira. Ranar da aka ɗaura aure, ranar a rubuta, da sunan waliyyi da wakili da shaidu da adadin sadaki, liman ya sa hannu, a kai gaban alƙali. Dattijon Fagam ya koma gida da shawara ɗaya: surukinsa ya zo a yi tarewa. Shanunsa biyu kuwa sun tafi. Allah Ya mayar masa da alheri, Ya sa naku su tsira.