Zancen Gida: Ku Bar Nas Ta Ƙaro Ilimi

A watan nan za mu fara zancenmu daga tashar jirgin ƙasa ta Kano. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Tun daga lokacin tashar nan ta sha sauke baƙi, su bazu cikin Fagge da Sabon Gari. Ba dukansu ne fatake ba. Bayan da mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a 1943, waɗansu ja-gora ake yi musu da sanda, neman magani ya kawo su. To, wa ke kwana a kan irin wannan baƙo bayan likita ya tashi aiki? Nas ce.

Har yau haka abin yake. A ƙauyuka da yawa ma babu likita sam. Nas ce za ta duba mai ciki da tsakar dare, ta gane ko ciwon kan nan da kumburin fuska alamar hawan jini ne mai kawo jijjiga. Ita za ta ce a tafi babban asibiti yanzu, ko a jira gari ya waye. Rai biyu ke nan a hannunta. Wanda aka ɗora wa kaya mai nauyi haka, ai sai a ba shi gammo mai kauri. Gammon nas kuwa ilimi ne.

Mutanen Amurka sun ga wannan. A 1965 wata nas, Loretta Ford, da wani likita suka fara koya wa nas-nas duba yara da kansu a Jami'ar Kolorado, domin likitoci sun yi ƙaranci. A 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta ce ya kamata masu irin wannan aiki su kai digiri na uku. Ba na zaman ofis ba ne, na bakin gadon mara lafiya ne: gane cuta, sanin magani, da auna sabon bincike. A nan gida, Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya a 1965. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su ma suna koyarwa.

Ba mu ce nas ta zama likita ba, kowa da aikinsa. Amma iyaye da mazaje, ga roƙonmu. Idan 'yarku ko matarku ta ce za ta koma makaranta, kada ku ce, "Ba ga albashi kina samu ba?" Gaskiya ne akwai kuɗin makaranta, ga renon yara. Ku zauna ku raba nauyin nan. Kaka ta riƙe yaro, maigida ya yi haƙuri da tuwon da bai zo da wuri ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciki da za a kawo mata da tsakar dare, wataƙila 'yar gidanku ce.

Sai wata mai zuwa.