A Tsayar Wa Rigata Da Rana, A Ja Ɗalibai Cikinta

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi kira ga Masarautar Yawuri da Gwamnatin Jihar Kabi game da wasan Rigata.

Ni manomin albasa ne, da rani kuma ina ɗan sarin bandar kifi. Kwanan baya ɗana ya nuna mani tseren jirage a wayarsa, wai na jami'o'in Oksifod da Kambirij ne a Ingila. Tun 1829 suka fara, mutum takwas ke tuƙi, na tara yana ba su umarni, tafiyar kusan kilomita 7 a kogin Tems. Na ce masa, yaro, ai wannan Rigata ce! Tun kafin zuwan Turawa Gungawa ke gwada ƙarfin damtse a kogin Kwara, suna fuskantar dorina cikin kwalekwale.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, can masu ilmi ne ke alfahari da filafili. Mu nan kuwa da yaro ya shiga sakandare sai ya ga tuƙi aikin ƙauyawa ne. Saura sun koma jirgin inji ko haƙar zinariya. Ni ganau ne: ran wata kasuwa injinmu ya mutu a tsakiyar ruwa ga iska ta taso, samari cike da jirgi amma sai wani dattijo ne ya iya daidaita shi har muka kai gaɓa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan nan ya ƙara faɗi, ba a yi masa wasa. Wa ya manta da hatsarin Wara na watan Mayun 2021, wanda ya ci mutane masu ɗimbin yawa?

Don haka shawarata uku ce. Na ɗaya, a tsayar da rana guda duk shekara wadda ba ta motsi, ko manyan baƙi sun zo ko ba su zo ba. Na biyu, a sa kofi tsakanin Yawuri da Ngaski da Shanga, a kuma ware wani don makarantu, har jami'o'in Birnin Kabi da Aliyaro su kawo nasu. Na uku, kada a bar kowa ya hau sai ya iya iyo, ya kuma sa rigar kariya. In yara suka ga gwanaye sun sa, fasinja ma zai daina jin kunyar sawa.

Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don haka ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ranka ya daɗe, dattawan da suka san ruwan nan suna ta ƙarewa, da zafi-zafi kuwa akan bugi ƙarfe.

Allah Ya kiyaye mu da hatsarin ruwa, amin.

Naku,
Wani manomi,
Bakin Kasuwa, Yelwan Yawuri.